Ko Kun Sani? Ragar Gaban Sifika

Baƙin faifan nan da ke rawa a cikin sifika, galibi da takarda ake yin sa, tun samfurin da Chester Rice da Edward Kellogg suka fitar a Amurka a 1925. Yatsan yaro ya isa ya huda shi.

Shi ya sa masu sa kiɗa a bukukuwan Baure, a masarautar Daura, kan sanya raga a gaban akwatunan sifikarsu. Kafinta kan yanko ragar ƙarfe, ya ɗaure ta da sukuru, ya cusa roba a tsakani don kada ta riƙa karkarwa idan kiɗa ya yi ƙarfi. In kuma ƙyalle za a sa maimakon ragar ƙarfe, ana hura shi da baki tukuna: in iska ta ratsa, sauti ma zai ratsa.