Yada Zango A Filin Jirgin Sama: Wane Zaure Ya Dace Da Matafiyi?

Tun zamanin fatake Bahaushe ya san doguwar tafiya ba ta yiwuwa sai da zango. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya, kuma aikin madugu ne ya san inda ruwa yake, da inda za a kwana lafiya, da abin da mai masauki zai karɓa. Jirgin sama ya mayar da tafiyar watanni ta zama ta sa'o'i, amma bai kashe zango ba. Kano ita kanta, inda jirgi ya fara sauka a ƙasar nan cikin 1925, ta daɗe tana zama zangon jiragen Turai masu zuwa Afirka ta Kudu, suna sauka su sha mai su wuce.

Yanzu kuwa matafiyan ƙasar nan ne ke yada zango a garuruwan wasu. Ma'aikacin da aka tura kwas Indiya, da ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Malesiya ko Kanada, da wuya su sami jirgin da zai kai su kai tsaye. Sai su sauka a Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha, ko Dubai, ko Istanbul, ko wani babban filin Turai, su jira jirgi na biyu. Wani jiran na sa'a biyu ne, wani kuwa sai an kwana. A nan ne matafiyi yakan ga wata ƙofa mai kyan gani, da ma'aikata a bakinta, ya tsaya yana shawara da zuciyarsa: ya shiga ne, ko kuwa ya koma kan kujerun jama'a?

Asalin Zauren Hutawa

Zauren hutawa wuri ne da aka keɓe a cikin filin jirgin sama, dabam da babban zauren jira na kowa da kowa. A ciki akwai kujeru masu laushi, da abinci da abin sha waɗanda ba a biya dabam, da intanet, da wurin cajin waya, a wasu ma har da wurin wanka da ɗakin barci.

Kamfanin American Airlines ne ya fara buɗe irin wannan zaure, a filin LaGuardia na birnin New York cikin 1939, ya kira shi Admirals Club. A lokacin ba a shiga da kuɗi, sai wanda kamfanin ya gayyata. Daga baya aka buɗe ƙofa ga mai iya biya. Cikin 1992 aka kafa Priority Pass, wanda ke sayar da katin shiga zauruka fiye da 1,000 a ƙasashe dabam dabam, ko da wane jirgi mutum zai hau. Cikin 1998 kuma kamfanin Plaza Premium ya buɗe zaurukansa a Hong Kong da Kuala Lumpur, inda kowane fasinja zai biya a bakin ƙofa ya shiga. Watau abin da a da yake na manya ne kaɗai, yau ya zama haja, kuma kowace haja sai an taya kafin a saya.

Hanyoyi Huɗu Na Shiga

Hanya ta farko ita ce tikiti. Wanda ya sayi kujerar babban aji, galibi kuɗin zaure yana cikin kuɗin tikitinsa. Haka fasinjan Cloud Nine na Ethiopian Airlines yake samu a Addis Ababa, haka kuma Qatar Airways ke da zauren Al Mourjan a Doha. Sai dai wasu kamfanoni sun fito da tikitin babban aji mai rangwame wanda ba ya haɗa da zaure, saboda haka a karanta sharuɗɗa.

Hanya ta biyu ita ce yawan tafiya. Manyan kamfanonin jiragen sama sun haɗa kai cikin ƙungiyoyi uku: Star Alliance da aka kafa cikin 1997, da oneworld cikin 1999, da SkyTeam cikin 2000. Ethiopian Airlines da EgyptAir da Turkish Airlines da Lufthansa suna cikin ta farko. British Airways da Qatar Airways da Royal Air Maroc suna cikin ta biyu. Air France da KLM da Kenya Airways da Saudia suna cikin ta uku. Emirates kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Fasinjan da ya tara tafiye-tafiye har ya kai matsayin zinariya a Star Alliance yana da ikon shiga zauren kamfanonin ƙungiyar, shi da baƙo ɗaya, ko da tikitinsa na ƙaramin aji ne. Yin rajista a wannan tsari kyauta ne, amma mutane da yawa sukan watsa tafiyarsu, yau wannan kamfani gobe wancan, har su ƙare ba su tara kome a ko'ina ba.

Hanya ta uku ita ce katin zama mamba, ko wanda mutum ya saya da kansa, ko wanda bankinsa ya haɗa masa da katin kuɗi. Akwai masu yawo da irin wannan gata a aljihu ba su sani ba, don ba su taɓa tambayar bankinsu ba. Hanya ta huɗu ita ce biya a bakin ƙofa, kuma galibi kuɗin yakan kama daga dala 30 zuwa 60 a kan zaman kamar sa'a uku. Ga ɗalibin da iyayensa suka sayar da amfanin gona suka haɗa masa guzuri, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Lissafin Sa'o'i

Kafin a dubi kyan kujera, a dubi agogo. Sa'o'in da aka rubuta a tikiti ba duka ne na matafiyi ba. A ɗauki misalin wanda ke da jiran sa'a uku. Kafin ya fita daga jirgi, ya bi dogon baranda, ya sake shiga layin bincike, minti 45 na iya tafiya. Akan fara kiran fasinja kamar minti 45 zuwa sa'a guda kafin tashi, a kuma rufe ƙofa saura minti 15 ko 20. Abin da ya rage masa bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba, kuma daga ciki zai cire tafiya zuwa zauren da dawowa.

Saboda haka, wanda jiransa bai kai sa'a biyu ba, babu abin da ya fi masa kamar ya nufi ƙofar jirginsa ya zauna kusa da ita. Wanda ke da sa'a uku zuwa shida shi ne zaure ya fi yi wa amfani, musamman in ya kwana a jirgi kuma wani dogon jirgin na gabansa, domin wanka da abinci mai zafi sukan dawo da mutum cikin hankalinsa. In aka haɗa kuɗin cin abinci sau biyu a shagunan filin jirgi, da ruwa da shayi, wani lokaci ya kusa kai kuɗin zauren.

Amma wanda jiransa ya wuce sa'a takwas, gado yake bukata, kuma mai yiwuwa ne kamfanin ya riga ya tanada masa. Ethiopian Airlines yakan ba da masauki da abinci a Addis Ababa ga fasinjan da jiransa ya kama daga sa'a 8 zuwa 24, in babu wani jirgi da zai tashi da shi kafin nan. Turkish Airlines da Emirates su ma suna da irin wannan tsari bisa nasu sharuɗɗa, kuma Turkish Airlines yana zagayawa da fasinja cikin birnin Istanbul kyauta in jiransu ya kai sa'a 6 zuwa 24. Fita cikin gari kuwa tana bukatar izinin shiga ƙasar. Abin takaici ne mutum ya biya dala 50 ya yi gyangyaɗi a kujera, alhali kuwa ɗaki da gado na jiransa ba ko kwabo. Tambaya ɗaya a ofishin da aka sayi tikiti ta isa ta raba gardama, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Inda Zauren Yake

Zaure mai kyau da ke nesa da ƙofar jirgi tarko ne. Manyan filayen jirgi garuruwa ne. A Heathrow na Landan gine-gine huɗu ke aiki, na 2 da na 3 da na 4 da na 5, kuma mai sauya gini sai ya hau bas ya sake bin layin bincike. A Dubai akwai sashen da ba a kai masa sai da ɗan jirgin ƙasa na cikin fili. Ƙa'ida ita ce mutum ya fara gano ƙofarsa, ya auna nisanta da ƙafarsa, sa'an nan ya nemi zauren da ke kusa da ita.

A Turai akwai ƙarin shinge. Ƙasashen yarjejeniyar Schengen, wadda aka sa wa hannu cikin 1985, sun raba filayensu kashi biyu: ɓangaren jiragen da ke zirga-zirga tsakaninsu, da ɓangaren masu fita waje, kuma jami'an shige da fice na tsakani. A filin Schiphol na Amsterdam, alal misali, KLM yana da zaure mai lamba 25 a ɓangaren Schengen, da mai lamba 52 a ɗaya ɓangaren. Wanda ya fito daga Afirka zai wuce Kanada, ba shi da hanyar kaiwa ga na farkon sai da bizar shiga. In ya biya kuɗinsa tun daga gida ta intanet bai duba wannan ba, ya yi asara.

Daɗin daɗawa, Nijeriya da Gana suna cikin jerin ƙasashen da ake neman bizar wucewa daga 'yan ƙasarsu a filayen Schengen, ko da ba za su fita daga fili ba, sai fa wanda ke da wani izini da ya ɗauke masa, kamar bizar Amurka ko ta Kanada mai aiki. Ingila ma tana da irin wannan doka. Wanda bai warware wannan ba, tun a gida za a hana shi hawa jirgi, maganar zaure ma ba ta taso ba.

Abin Dubawa Kafin A Biya

Matafiyi yana da ikon ya yi tambaya a bakin ƙofa, har ma ya nemi ya leƙa. Sa'a nawa kuɗin ya ƙunsa? Akwai wurin wanka, kuma ana biyansa dabam ne? Akwai wurin zama, ko zauren ya cika? Domin a lokacin da jirage suka yi yawa wasu zauruka sukan mayar da masu kati, ko su sa su a layi. Mai iyali ya tambayi kuɗin kowane mutum, gama abin da ya yi sauƙi ga mutum ɗaya yakan yi nauyi ga mutum biyar.

Game da abinci, a Doha da Dubai da Istanbul Musulmi ba shi da damuwa da naman da aka ajiye. A Turai da gabashin Asiya kuwa sai ya karanta abin da aka rubuta a gaban kowane kwano, ko ya tambaya, don kada ya biya kuɗin abincin da ba zai ci ba. Wurin salla kuma ba sai an shiga zaure ba, yawancin manyan filaye suna da shi kyauta. Filin Hamad na Doha, wanda aka buɗe cikin 2014, har da ɗakunan hutawa na kyauta gare shi, na maza dabam na mata dabam, masu kujerun kishingiɗa. Ɗalibin da ya san wannan ya tsira da guzurinsa.

Barcin Da Ke Jawo Asara

Babban haɗarin zaure shi ne daɗinsa. Zauruka da yawa ba su shelar tashin jirgi, sai dai allo a bango, kuma akan sauya ƙofa ba tare da an bi kowa an gaya masa ba. Ga kuma bambancin lokaci. Addis Ababa da Doha da Istanbul suna gaban Nijeriya da sa'a biyu, Dubai da sa'a uku, lokacin da ke kan takardar shiga jirgi kuwa na garin da ake ciki ne. Wanda ya dogara da agogon hannunsa bai gyara shi ba, zai farka ya tarar jirgi ya daɗe a sama.

Hukuncin wannan yana da tsanani. In jinkirin jirgin farko ne ya sa fasinja ya makara, kuma tikitinsa guda ne, kamfanin zai sa shi a wani jirgi. Amma in sakacinsa ne, galibi akan soke sauran tafiyar da ke kan tikitin, har da ta dawowa gida, sai ya biya tara ko ya sayi sabo. Ma'aikaci ya rasa ranar buɗe taro, ɗalibi ya rasa ranar rajista, duk saboda kofin shayi da kujera mai laushi. Maganin abin kuwa mai sauƙi ne: a gyara agogo tun ana sauka, a sa wayar hannu ta yi ƙara, a riƙa duba allo, a kuma tashi saura sa'a guda.

Ma'aikacin gwamnati da ke tafiya da kuɗin jama'a ya kamata ya tambayi akawun ofishinsa tun kafin ya tashi ko ana mayar da irin wannan kuɗi, ya kuma riƙe rasit. Ɗalibi kuwa ya tuna watan farko a baƙuwar ƙasa shi ya fi cin kuɗi. Babu laifi ga gajiyayye ya sayi hutu in lissafi ya nuna haka, babu kuma abin kunya ga wanda ya zauna a kujerar jama'a da gorar ruwansa. Madugun da ya san aikinsa ba ya zaɓen zango don kyan inuwarsa kaɗai, yana duba ko daga nan ayari zai iya tashi da asuba ya kama hanya. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.