Kalaba: Birnin Tudu a Bakin Ruwa

Yaron da ya tashi a ƙasar Daura ya san rijiyar Kusugu, ya san tafki da kududdufi, amma bai taɓa ganin ruwan da ke cika ya janye sau biyu kowace rana ba. Mu malamai muna zana teku a kan allo, yara su kwafa, su ci jarrabawa. Amma gani ya kori ji. Maigidan da Allah ya hore masa, in zai kai iyalinsa hutu sau ɗaya, to ya yi tunanin Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba.

Garin yana zaune a bisa tudu, yana kallon Kogin Kalaba. Kogin nan yana haɗuwa da Kogin Kuros, su buɗe su shiga Tekun Atalantika. Daga kan tudu mutum zai hangi kwale-kwalen masunta, da jiragen ruwa, da kurmi kore shar a ƙetare. Ruwan sama da ake yi can a shekara ya ninka namu sau huɗu ko fiye.

A fara da tsohon gidan gwamna, wanda aka ƙera a Birtaniya, aka kawo shi cikin jirgi gunduwa-gunduwa, aka harhaɗa a 1884. Daga Kalaba Turawa suka mallaki Kudancin Nijeriya har 1906, sa'ad da suka mai da hedkwata Ikko. Yanzu gidan ya zama ma'ajiyar kayan tarihi. A can ne yara za su ji labari mai ɗaci: shekaru aru-aru jiragen Turai suna tsayawa a ƙarƙashin tudun nan suna lodin bayi zuwa Amurka, kafin cinikin manja ya maye gurbinsa.

Ta wannan kogin kuma bishara ta shigo. A 1846 Hope Waddell ya sauka tare da abokan aikinsa daga Jamaika, waɗansunsu baƙar fata ne, daga tsibirin da aka yi ta kai bayi. Makarantar da aka kafa da sunansa a 1895 tana nan tana aiki. Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru, ya yi karatu a cikinta.

Kada a bar garin ba a ziyarci kabarin Mary Slessor ba. Ma'aikaciyar masaƙa ce daga Sikotilan. Ta iso a 1876, ta koyi harshen Efik, ta yi ta ceton tagwaye, gama a zamanin nan ana ɗaukarsu abin tsoro, ana kashe su. Ta rasu a 1915. Yaranmu da suka saba ganin ana murna da Hasan da Husaini za su yi mamaki. Nan ne uba zai nuna musu cewa kowace al'umma tana da al'adar da ta kamata a riƙe, da wadda ta kamata a bari, har da tamu.

Bahaushe ba ya zama baƙo a Kalaba. Akwai unguwar Hausawa, Bogobiri, inda ake samun tsire da shayi da mai nuna hanya cikin harshenmu. Amma uwargida ta ɗanɗana miyar afang da ɗanyen kifi, kada a je kudu a dawo da labarin tuwo kaɗai.

Tafiyar ta fi kilomita dubu, ta Kano, Lafiya, Makurɗi, Ogoja da Ikom. A ware mata kwana biyu, a kwana a hanya, kada a yi tafiyar dare. Hutun Kirsimeti ya fi dacewa domin rani ne, sai dai tun 2004 ana babban bikin gari a ƙarshen Disamba, masauki yakan yi tsada. Mai ƙaramin ƙarfi ya je a makon farko na Janairu. A tafi da gidan sauro. In za a shiga kwale-kwale zuwa Creek Town, kowane yaro ya sa rigar ruwa, domin namu ba su iya iyo ba.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, amma gida biyu ko uku suna iya yin adashi su haɗa mota ɗaya. A ba kowane yaro littafi da fensir, ya rubuta abin da ya gani, ya karanta wa 'yan ajinsa in an koma makaranta.