Sauya birkin baya zuwa na faifai: Inda matsala ke ɓuya a tsofaffin motocin shiga daji

Tsofaffin motoci irin su Hilux da Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1984, har yau su ne abin dogaron 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke fita daga birnin Katsina zuwa ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Akasarinsu sun zo ne da birkin faifai a gaba, birkin ganga a baya. Ganga kuwa rufaffiya ce, tana tara yashi da taɓo, kuma tana buƙatar saiti a kai a kai. Shi ya sa wasu ke cire ta su sa faifai, galibi da kayan gwanjo irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas.

Sai dai sau da yawa mai mota kan baro gareji da birkin da bai kai na da ba. Laifin ba kasafai yake zama na faifan ba. Abin da ke faruwa shi ne an sauya ƙarshen hanya, an bar sauran sassan da aka auna su domin ganga. Kowace alama tana nuna inda ya kamata a duba.

Feda ta yi laushi

Idan an taka birki feda ta nutse kamar soso, iska ce ta maƙale a bututu. Mai ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa, don haka ƙarfin ƙafa a kanta yake ƙarewa. Idan an yi ta fitar da iska abin ya ƙi, a dubi kalifa, wato awartakin da ke cafke faifai. Ta dama da ta hagu sun yi kama, kuma in aka musanya su, notin fitar da iska zai koma ƙasa. Iska sama take taruwa, saboda haka ko an ƙarar da galan na mai ba za ta fita ba. A mayar da kowace gefenta, sannan a soma daga tayar da ta fi nisa da masta, a ƙare da mafi kusa.

Idan kuma fedar na da tauri amma sai ta yi nisa kafin ta kama, wataƙila masta ce ta yi ƙanƙanta. Fistin ɗin kalifa ya fi na ganga faɗi, yana shan mai da yawa. Haka nan boris da ya ci kan sa faifai rawa, ya tura fistin baya, har direba ya riƙa takawa sau biyu.

Taya ta yi zafi

Wasu tsofaffin motoci na da ɗan bawul da ke riƙe ragowar matsi a layin baya, kimanin psi 10, domin ganga tana da sifirin mai ƙarfi da ke janye ta. Faifai ba shi da wannan sifirin, kuma abin da yake ɗauka bai wuce psi 2 ba. In aka bar tsohon bawul, birki ba zai saki sarai ba. Mota za ta yi nauyi, ta sha fetur, taya ta yi ƙauri. Gwajin ba shi da wuya: a ɗaga mota da jak, a taka birki a saki, a juya taya da hannu. In ta cije, a sassauta notin iska. Idan ta sake nan take, matsi ne ya maƙale, sai a nemi bawul ko tiyo da ya toshe. Idan ba ta sake ba, kalifa ce ta kafe ko aka ɗaura ta a karkace.

Baya ya riga gaba kamawa

Wannan ce matsala mafi haɗari. Duk lokacin da aka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, baya ya yi sakayau. In tayoyin baya suka riga kullewa, mota juyawa take yi, musamman a kan jar ƙasa ko jiƙaƙƙiyar kwalta a ruwan Agusta. Toyota ta sa wa irin waɗannan motoci wani bawul a ƙarƙashi, mai sanda da ke haɗe da aksul ɗin baya, wanda ke ƙara wa baya birki idan an yi lodi, ya rage idan babu. Sifirin da ya kwanta saboda shekaru na dakon buhuna kan ruɗi bawul ɗin, ya ɗauka kullum akwai kaya. Motar da aka ƙara wa tsawo kuwa akasin haka take yi, baya ya zama kusan ba ya aiki. Bayan sauyi dole a sake saita shi, ba a cire shi a jefar ba.

Birkin hannu da man birki

Ganga ta fi faifai riƙe mota a tsaye. Wasu kalifofin ba su da wurin birkin hannu sam, wasu kuma da jansa suke saita kansu, don haka direban da ba ya jan sa zai ga feda tana ƙara nisa. Mota mai lodi da ba ta da birkin hannu ba ta cika sharaɗin hawa titi ba, kuma abu ne da jami'an VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke da hurumin dubawa.

Man birki kuma yana shan danshi. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma wanda ya sha ruwa kan tafasa a wajen 140. DOT 4 yana jurewa har 230. Birkin da ke goga a zafin Afrilu na iya tafasa tsohon mai, feda ta tafi ƙasa ba zato. A zubar da shi duka ranar da aka yi sauyin.

Kafin a hau hanya

Kada a ɗauki mota daga gareji a miƙi hanyar Jibiya ko Daura. A nemi fili babu jama'a, a taka birki da ƙarfi a ƙaramin gudu, wani yana kallo daga gefe: gaba ya kamata ya fara kamawa. A gwada babu kaya, a sake gwadawa da lodi. Idan babu bakaniken da zai iya daidaita masta da bawul, ganga mai kyau da aka gyara ta fi faifan da aka ɗaura rabi da rabi. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.