Fankar Wuya da Ɗumin Aljihu: Me Suke Ƙara wa Ɗan Wasan Golf?

A watan Agustan 2007 aka buga gasar PGA a filin Southern Hills da ke birnin Tulsa na jihar Oklahoma a Amurka, cikin zafin da ya riƙa kaiwa digiri 38 a ma'aunin Selshiyos. Tiger Woods ne ya cinye ta, rigarsa sharkaf da gumi. A watan Mayun 2022 gasar ta sake komawa wannan fili. Ranar wasa ta uku sai sanyi ya sauko da iska, 'yan wasa suka fito cikin rigunan sanyi da huluna, kowa hannu a aljihu. Woods, wanda ƙafarsa ba ta gama warwarewa daga haɗarin motar da ya yi a 2021 ba, ya yi bugu 79 a ranar, daga nan ya janye. Ba sanyi kaɗai ya ci shi ba, shekaru da rauni sun yi nasu aikin. Amma duk wanda ya ga yadda yake ɗingishi a ranar ya san sanyin bai raga masa ba.

Mai hangen golf daga nesa, wasan da wasu kafafen labarai ke kira ƙwallon lambu, yakan ɗauka shaƙatawar masu kuɗi ce kawai. Zagaye ɗaya rami 18 ne, yana cin awa huɗu zuwa biyar, kuma mai tafiya da ƙafa yakan taka wajen kilomita takwas ko fiye a fili fetal. Shi bugun kansa bai fi daƙiƙa biyu ba. In aka tara duka bugun da mutum zai yi a wuni, 'yan mintoci ne. Sauran lokacin tafiya ce da tsayuwa da jiran na gaba su wuce. A cikin wannan jira ne rana ke dafa mutum, ko sanyi ya daskarar masa da yatsu, sannan a ce ya zo ya buga ƙwallon da bai kai ƙwan kaza girma ba ya nufi ramin da faɗinsa bai kai santimita 11 ba.

Wannan ne ya buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Yanzu akwai fankar da ake ratayawa a wuya, da tawul mai riƙe sanyi in an jiƙa shi, da 'yar shara mai aljihunan ƙanƙara, da kwalbar fesa ruwa mai fanka a baki. Japanawa sun fi kowa nisa a nan. Wani tsohon injiniyan kamfanin Sony, Hiroshi Ichigaya, shi ya ƙirƙiro rigar da aka dasa wa ƙananan fankoki a kwiɓi, wadda leburorin gini suka fara rungumarta kafin ta shiga filayen wasa. Shi ma Sony ya fito da Reon Pocket, wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bayan wuya, tana sanyaya fata ko ta ɗumama ta gwargwadon abin da aka zaɓa a waya. Tambayar ita ce ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Sai mun koma ga randa kafin mu gane amsar. Ruwan randa yana sanyi ne saboda yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Haka jikin ɗan Adam yake yi da gumi. Gumin da ya ɗiga ƙasa ko ya tsaya cikin riga bai sanyaya kowa ba, wanda ya bushe a kan fata shi ne ya yi aiki. Aikin fanka ke nan, ta hanzarta bushewar. Shi ya sa take da amfani ƙwarai a wurin da iska ke ɗauke da danshi, kamar Florida ko Tokyo ko Legas, inda gumi ke kwanciya a jiki ya ƙi tafiya.

To amma akwai inda fanka ke juyewa ta zama abokiyar gaba. Zafin fatar mutum yana wajen digiri 35. In iskar waje ta haura haka sosai, kuma busasshiya ce, gumin da jiki ke fitarwa yana bushewa da kansa tun kafin fanka ta taɓa shi. Abin da ya rage mata kawai shi ne ta riƙa hura wa mutum iskar da ta fi jikinsa zafi, kamar mai zuga wuta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wannan magana ta shafi masu buga golf a Kano da Kaduna da Zariya kai tsaye, domin a watan Maris da Afrilu, kafin saukar damina, irin wannan busasshen zafi mai kaiwa digiri 40 ake fama da shi. Mai fankar wuya a irin wannan rana, in yana son ta yi masa rana, sai ya jiƙa wuyansa da fuskarsa da damatsansa tukuna. Ruwan ne mai aikin, fanka 'yar rakiya ce.

Akwai kuma wani abin da masu talla ba sa faɗa. Wuya da fuska wurare ne da jiki ke saurin jin sanyi a cikinsu. Da zarar an sanyaya su sai mutum ya ji garau, alhali zafin can cikin jikinsa bai sauka wani abin kirki ba. Jin daɗin ba banza ba ne: wanda bai takura ba ya fi natsuwa wajen auna nisa da zaɓen sanda, kuma golf rabinsa lissafi ne. Haɗarin shi ne jin daɗin ya rufe wa mutum ƙararrawar da jiki ke kaɗawa, ya manta da shan ruwa, ya ƙi neman inuwa, har sai jiri da ciwon kai sun kama shi. In zafin cikin jiki ya kai digiri 40, mutum ya fara ruɗewa ko sambatu, an bar maganar wasa, an shiga ta ceton rai: a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi, a nufi asibiti.

Ƙishirwa ce babbar ɓarauniyar bugu. A wani ɗan ƙaramin gwaji da aka buga sakamakonsa a 2012, masu bincike a Ingila sun sa ƙwararrun 'yan golf bakwai sun yi bugu bayan an hana su ruwa na wasu awoyi. Nisan bugunsu ya ragu daga wajen mita 129 zuwa 115, kaucewar ƙwallo daga inda aka nufa kuma ta kusa ninkawa. Mutum bakwai ba su isa a yanke hukunci a kan duniya ba, amma duk ɗan wasan da ya taɓa lalacewa a ramuka huɗu na ƙarshe ya san labarin. Babu fankar da za ta mayar da ruwan da ya fita. Wanda kuma ya yi gumi mai yawa na awoyi, ruwa zalla bai wadatar ba, yana buƙatar ɗan gishiri a ciki.

A ganina, babbar fa'idar waɗannan kaya a lokacin zafi tana tafin hannu ne. Hannun da ya jiƙe da gumi yana sa sanda santsi, sai mutum ya ƙara damƙe ta ba tare da ya sani ba, damatsa su sandare, bugu ya karkace. Busasshen tawul, da safar hannu biyu ko uku da ake musanyawa, da 'yar fankar da za ta busar da wadda aka cire, sun fi na'ura mai tsada tasiri a kan takardar maki. Wani lokacin ma maganin bai kai haka wahala ba. A watan Nuwamban 2019, da zafi ya tsananta a filin Leopard Creek na Afirka ta Kudu, hukumar gasannin Turai ta yarda 'yan wasa su sa gajeren wando a cikin gasa, karo na farko a tarihinta.

A ɓangaren sanyi kuwa, na fi yarda da na'urorin. Idan sanyi ya kama mutum, jiki yakan janye jini daga yatsu don ya kare ƙirji da ciki. Da zarar zafin fatar yatsu ya sauka ƙasa da wajen digiri 15, ƙwarewar hannu ta fara tafiya, kuma ɗan taɓin da ake gangara ƙwallo da shi cikin rami duk a yatsu yake. Ɗan ƙunshin ɗumin da ake sawa a aljihu ba wani sihiri ba ne: garin ƙarfe ne da gishiri da gawayi da ɗan danshi. In an yage ledar iska ta shiga, ƙarfen ya fara tsatsa da sauri, tsatsar ce ke ba da zafi na awoyi. Akwai kuma mai batir da ake caji kamar waya, sai dai batir yakan yi saurin mutuwa cikin sanyi. Kada a manna kowannensu a fata kai tsaye na tsawon lokaci, yana ƙuna a hankali ba a ji ba. Ita kuwa 'yar shara mai ɗumin lantarki, amfaninta shi ne tana hana mutum jibga riguna uku ko huɗu da za su ɗaure masa kafaɗu ya kasa juyawa. Masu fita da asuba a filin Rayfield na Jos cikin hunturu sun san wannan matsala ba sai an je Sikotilan ba.

Abin da ɗumi ba zai gyara ba shi ne iskar kanta. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana tare ƙwallo, shi ma ƙwallon in ya yi sanyi ba ya tsalle daga kan sanda yadda ya saba. Masu horarwa sukan ƙiyasta asarar yadi ɗaya zuwa biyu ga kowane digiri biyar ko shida da zafi ya ragu. Mai hankali sai ya ɗauki sandar da ta fi kai nisa ya huta. Mai wayo kuma sai ya ce bari ya ɗumama ƙwallon, a nan ne zai gamu da doka. Dokokin golf, waɗanda hukumar R&A ta garin St Andrews da takwararta USGA ta Amurka ke tsarawa, sun hana buga ƙwallon da aka sauya halinsa da gangan, kuma sun ambaci ɗumamawa da sunanta. Hukuncin kora ce daga gasar. Ɗumama hannu halal ne, amma kada ƙwallo da ƙunshin ɗumi su kwana aljihu ɗaya. Haka ma lema: ɗan wasa yana iya riƙe wa kansa, amma ba a yarda wani ya tsaya ya kare shi daga rana ko ruwa ko iska a daidai lokacin da yake bugu ba.

Wanda aka fi mantawa da shi a duk wannan lissafi shi ne kadi, mai ɗaukar wa ɗan wasa jaka. A gasar Olamfik ta Tokyo, cikin watan Agustan 2021 a filin Kasumigaseki, zafi ya kayar da kadin 'yar wasan Amurka Lexi Thompson tun a ranar farko, bai iya ƙarasa zagayen ba. Bayan nan masu shirya gasar suka ƙara lemomi a wuraren fara bugu, suka sa motoci suna zagayawa da ƙanƙara da tawul mai sanyi. Ba su raba wa kowa wata na'ura ba, inuwa da ruwa da ƙanƙara suka kawo. Shi kadi duk inda ɗan wasa ya taka sai ya taka, da jakar sanduna 14 a kafaɗa, ga ƙwallaye da ruwan maigida a ciki, kuma a filayenmu galibi yaro ne matashi da ke neman na abinci, wataƙila ko karyawa bai yi ba.

Don haka, mai shirin sayen fankar wuya kafin bazara, ka saya, amma ka haɗa da kwalbar fesa ruwa, ka nemi lokacin fita da sassafe ko bayan la'asar. In za ka sa gorar ruwa a jaka, ka sa biyu, ɗaya ta yaron da zai ɗauke ta.