Idan allon kwamfuta ya ƙi kawowa

An fi sanin garuruwan Funtua da Malumfashi da ke kudancin jihar Katsina da noman masara da auduga da waken suya, amma a 'yan shekarun nan kwamfuta ta zama hanyar neman abinci ga matasa da dama a yankin.

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'o'i a Najeriya ta koma yin jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, sannan a 2021 ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ga duk mai son yin rajista.

Hakan ya sa shagunan buga takardu da na intanet kan cika da ɗalibai daga ƙauyukan Bakori da Ƙafur da Ɗanja da Faskari a lokacin rajista.

To sai dai a irin waɗannan shaguna, ranar da allon kwamfuta, wanda aka fi sani da monita, ya ɗauke, ciniki ya tsaya cak. Ga shi kuma kayan lantarki da ake shigowa da su daga waje sun yi tashin gwauron zabo tun bayan faɗuwar darajar naira a watan Yunin 2023.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sau tari allon da aka yanke ƙauna da shi lafiyarsa ƙalau, ko kuma abin da ya lalace a cikinsa ɗan ƙarami ne. Ko ɗan koyo zai iya gano matsalar, muddin ya bi bincike daki-daki, kuma ya san inda ya kamata ya dakata.

Me ke kashe allo?

Abubuwa uku ne suka fi yi wa allon kwamfuta illa a wannan yanki: rashin daidaiton wutar lantarki, da ƙura, da zafi.

Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun bayan da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, kodayake har gobe jama'a NEPA suke cewa. A ƙa'ida ƙarfin wutar gida volt 230 ne, kuma akasarin alluna an ƙera su ne su yi aiki da wutar da ke tsakanin volt 100 zuwa 240.

Saboda haka ƙarancin wuta bai cika kashe allo nan take ba. Abin tsoron shi ne wutar da ke zuwa da ƙarfi fiye da kima, musamman a daidai lokacin da aka dawo da ita, ko lokacin da ake sauyawa zuwa janareta, ko kuma in an yi tsawa da damina.

Ƙurar hunturu kuwa, haɗe da ta sussuka da burbushin auduga a lokacin kaka, kan toshe ƙofofin shan iska da ke bayan allon. Da bazara ta shigo a watannin Maris da Afrilu, zafin da ya rasa mafita sai ya riƙa gasa kayan ciki sannu a hankali.

Matakin farko

Kafin a taɓa sukudireba, a fara duba 'yar fitilar da ke gaba ko ƙarƙashin allon, domin ita ce ke ba da labarin farko.

Idan ba ta kama ba sam, to wuta ce ba ta isa ba. A gwada soket ɗin da cajar waya ko fanka, a kauce wa jona allon ta doguwar waya mai baki da yawa, sannan a musanya wayar wutar da wata. Yawancin alluna wayar wutarsu iri ɗaya ce da ta akwatin kwamfutar tebur, kuma filoginta mai ƙafa uku na ɗauke da fiyus wanda kan ƙone.

Wasu alluna kuma adafta suke amfani da ita kamar kwamfutar tafi-da-gidanka, mai ba da volt 12 ko 14 ko 19. Sau da yawa adaftar ce ke mutuwa, ba allon ba. Wajibi ne a karanta abin da aka rubuta a bayan allon kafin a sayi wata, domin adaftar da ta fi ƙarfinsa na iya ƙona shi.

Allon ne ko kwamfutar?

Idan fitilar ta kama, amma ta koma ruwan ɗorawa ko tana ƙyaftawa a hankali, galibi allon na jiran hoto ne daga kwamfuta bai samu ba.

Hanya mafi sauƙi ta raba gardama ita ce a zare wayar hoto, a kashe allon, a sake kunna shi. Lafiyayyen allo zai nuna tambarin kamfaninsa, ko wani rubutu da Turanci da ke cewa babu sigina. Haka nan idan aka danna maɓallin saiti da ke jikinsa, jadawali zai fito.

In har an ga haka, to laifin na waya ne ko na kwamfuta. Sai a gwada allon da wata kwamfutar, ko a jona kwamfutar da talabijin mai ramin HDMI. Allon da ke da ramuka fiye da ɗaya kuma, a tabbatar an zaɓi ramin da wayar take ciki.

Idan an tabbatar daga kwamfutar ne, sau da yawa ƙura ce ta shiga tsakanin ma'adanar RAM da mazauninta. Bayan an zare wuta, ana iya cire ta, a goge bakinta da busasshen ƙyalle mai laushi, a mayar da ita har sai ta zauna daram.

Gwajin tocila

Akwai kuma lokacin da fitilar ke nuna cewa komai lafiya, amma fuskar allon baƙi ƙirin. Wani sa'in hoto kan fito na daƙiƙa biyu ya ɓace.

Siraran alluna na LCD ba su da hasken kansu. Wasu fitilu ne a bayan gilashin ke haska hoton: a tsofaffin alluna 'yan siraran ƙwayaye ne masu kama da dogon ƙwan lantarki, a sababbi kuma fitilun LED ne.

A kashe hasken ɗaki, a kara tocila dab da gilashin a karkace. Idan aka hango rubutu ko hoto dishi-dishi, to gilashin da ƙwaƙwalwar allon suna aiki. Hasken baya ne ya mutu, ko kuma sashen da ke ba shi wuta, kuma wannan matsala ce da ake iya gyarawa.

Launi da layuka

Idan hoto ya rine ya koma ja ko shuɗi ko rawaya, a fara zargin waya mai shuɗin kai da ake kira VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, kuma ake amfani da ita sosai a kwamfutocin hannu da ake sayowa daga Legas da Kano.

Bakinta na da mazaunin allurai 15, kuma uku daga cikinsu ne ke ɗauke da launin ja da kore da shuɗi. Allura ɗaya ta lanƙwashe, launi ɗaya ya tafi. Canza wayar ko ɗaure sukurorinta biyu kan magance matsalar.

Amma idan layuka ne a tsaye ko a kwance waɗanda ke nan ko da an zare wayar hoto, ko wani baƙin tabo mai kama da zubar tawada, to gilashin ne ya samu matsala. Fasasshen gilashi ba ya gyaruwa, kuma kuɗin canza shi kan kusanci na sayen wani allon.

Kumburarren kafasita

Allon da ke ɗaukar mintoci kafin ya kawo, ko yake kawowa yana ɗaukewa, ko yake wani siririn kuka, yawanci kafasitocinsa ne suka gaji.

Kafasita wani ɗan abu ne mai siffar gwangwani da ke tara wuta yana daidaita ta. Akwai ruwan sinadari a cikinsa wanda zafi ke busarwa, kuma a lissafin injiniyoyi duk ƙarin zafi na digiri 10 kan rage kusan rabin kwanansa. An ma taɓa fama da annobar kafasitoci marasa inganci a kayan lantarkin da aka ƙera daga wajajen 1999 zuwa 2007.

Lafiyayyen kafasita samansa a shafe yake. Wanda ya lalace kan kumbura, wani lokaci har ya fitar da wani abu mai launin tsatsa.

Wajen canza shi, lambar ƙarfin ajiyarsa da ke rubuce a jikinsa dole ta zo daidai da ta tsohon. Lambar volt kuwa ta yi daidai ko ta ɗara, kuma an fi son mai jure zafin digiri 105. Yana da gefe mai zane da ke nuna ƙafar da ba ta da kyau a juya ta, domin in aka dasa shi a baibai yana iya fashewa.

Kafasita na daga cikin kayan gyara mafi araha, kuma masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin na ajiye shi. Abin da ba a samu a gida ba, akan same shi a Zariya ko a titin Beirut da ke Kano.

Inda ya kamata a dakata

A nan ne ɗan koyo ya kamata ya yi hattara. A sashen wutar allon akwai babban kafasita mai lamba 400 ko 450, wanda ke tara wutar da ta haura volt 300, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare filogi.

Don haka ba a buɗe allo yana jone da wuta, ba a taɓa ƙasan farantin wutarsa da hannu, kuma sai an auna da mita an ga wutar ta sauka kafin a sa ƙarfen narka dalma. Wanda bai taɓa yin wannan aiki ba, gara ya yi na farko a gaban ƙwararren mai gyaran talabijin.

Tsofaffin alluna masu ƙeya da ake kira CRT kuwa ba na ɗan koyo ba ne ko kaɗan. Suna aiki ne da wutar da ta kai kimanin volt 25,000, kuma tulun gilashinsu na iya tarwatsewa in ya bugu.

Bayan allo ya mutu

Ko allon da ya gagari gyara bai kamata a jefa shi a bola ko a ƙona shi don cire waya ba. Gilashin CRT na ƙunshe da dalma mai yawa, yayin da ƙwayayen hasken tsofaffin LCD ke ƙunshe da sinadarin makuri.

A karkara abin ya fi haɗari, domin sharar gari ce manoma ke kwasa su kai gona a matsayin taki. Jama'ar yankin ba su manta da abin da ya faru a maƙwabciyar jihar Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta yi sanadin mutuwar yara kusan 400.

Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata. A Najeriya hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ce ke da alhakin sa ido a kan irin wannan shara.

Miƙa mataccen allo ga mai gyara, wanda zai ciri abin amfani a jikinsa, ya fi yasar da shi inda yara ke wasa.

Rigakafi

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. A jona allo ta sitabilaiza ko na'urar UPS, a kashe shi kafin a sauya wuta zuwa janareta, a kuma jira 'yan mintoci bayan an dawo da wuta kafin a kunna.

A zare filogi idan hadari ya taso. A rufe allon da ƙyalle bayan an tashi daga aiki, amma kada a bar ƙyallen a kansa yana kunne. Wajen goge shi kuma, ƙyallen ake ɗan jiƙawa, ba a fesa wa gilashin ruwa.

Ga mai shagon da ke dogaro da kwamfuta ɗaya ko biyu, ajiye wayar wuta da wayar hoto na ko-ta-kwana kafin lokacin rajistar jarrabawa na iya ceto masa cinikin yini guda.