Kafin a sha saiwar ƙasar Sin, a fara sanin cutar

A Boɗinga da Shagari, matar da al'adarta ke ɗaukewa wata da watanni, ko haihuwa ta yi mata jinkiri, amsa guda takan ji: "sanyi ne". Daga nan sai jiƙe-jiƙe da kwalaben da ake cewa daga Sin suka zo.

Alhali sau da yawa matsalar ita ce PCOS, rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwan mace fita a kan kari, tare da ƙiba, ƙuraje da gashin haɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa.

Likitocin Sin da kansu sun gwada tsira allurai a kan mata 1,000. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna allurai ba su ƙara haihuwa ba, ƙwayar clomiphene ce ta ƙara.

Rage ƙiba da motsa jiki suna taimakawa. Amma sakaci na iya kai mace ga ciwon suga. Maigida, kai ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato a duba ta, kafin gori ya raba aure.