Tsohuwar Fijo a Matameye: tsakanin hannun bakanike da sikelin ƴan gwangwan

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ya ratsa Matameye, a kan hanyar da ta taso daga Takieta ta nufi Ɗan Barto, Kwangwalam, Daura da Kano, in ya leƙa bayan garaji zai iya cin karo da gangar jikin wata tsohuwar Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo, ta durƙushe bisa duwatsu, awaki na shan inuwarta. Ba kowa ne ke tsayawa ya dube ta ba, in ban da masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda su kam nauyinta kawai suke aunawa da ido. Alhali wannan ƙarfe wani yanki ne na tarihin kasuwancin ƙasar nan.

Dangantakar ƙasar Damagaram da motocin Faransa ta daɗe. A ƙarshen shekarar 1924 ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën, wanda ya taso daga Aljeriya ya keta Sahara, ya biyo ta Yamai da Tasawa ya sauka Damagaram kafin ya wuce tafkin Cadi. To amma motar da ta shiga rayuwar talaka ita ce Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, shekarar da Nijar ta samu mulkin kai. Lokacin nan gyaɗa ce sarauniya. An kafa SONARA a 1962 domin cinikinta, kuma Matameye na da tata masana'antar mai. Manyan motocin Berliet na kwasar buhuna, ita kuwa 404 mai rumfar tamfol, wadda ake ce wa bashe ko a-kori-kura, ita ke shiga lungunan karkara, ta ɗebo manoma da kayansu ran kasuwa, ta kai mai naƙuda likita cikin dare.

A 1968 ƙanwarta 504 ta biyo baya, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975. A wannan shekara ce aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna. Ga mutumin Matameye wannan babban al'amari ne, domin kayan gyara sun matso kusa: maimakon jiran saƙo daga Faransa, sai ɗan kasuwa ya yi sammako zuwa Kano ya komo da abin da yake bukata. Wata hanyar kuma ta arewa ce. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsofaffin Fijo, su biyo da su ta Tamanrasat, Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko su gangaro kudu. Ma'aikata da yawa ta nan suka mallaki motarsu ta farko. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 suka toshe wannan hanya.

Me ya sa ta yi ƙarko haka? Amsar tana cikin ƙirarta. Injinta mai silinda huɗu ne, kuma hannayen silindar ana zare su a sa sabbi, don haka injin da ya gaji ana iya sabunta shi ba tare da an kai shi wata masana'anta ba. Ƙafafun baya ne ke tura ta, abin da ke taimakonta in ta ɗauki kaya mai nauyi. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ga sifirin mai laushi wanda ke shanye gargada. Sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya tana cikin bututun ƙarfe, wanda ke kāre ta daga dutse da rairayi. Babu kwamfuta a jikinta: karbireta ce da falatin da buji, waɗanda bakanike ke daidaitawa da kunne da sifana. Samfurin iyali mai layin kujeru uku, wanda ya fito a 1971, shi ya zama motar haya ta tashoshinmu shekara da shekaru.

Faɗuwarta ba dare ɗaya ta zo ba. Karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya ninka farashin duk wani kayan gyara da ke zuwa daga Turai. Sannan tsofaffin motocin Japan suka kwararo ta tashar ruwan Kwatano, ga arha ga ƙarancin shan mai. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 tun 1983, Kaduna kuma ta rufe babinta a tsakiyar shekarun 2000. Daga nan sai mota ta koma cin ƴar'uwarta: a kwance guda domin a tada guda. Rufe iyaka da Najeriya ta yi daga 2019 zuwa 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 2023, sun nuna yadda rayuwar waɗannan motoci ke rataye da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Wanda ke son tada tsohuwar Fijo, aikinsa na fari shi ne duba ƙarƙashinta. Busasshiyar iskar Sahel ba ta cin ƙarfe kamar damshin bakin teku, saboda haka gangar jikin da ta tsufa a nan sau da yawa ta fi ta Turai lafiya. Ciwonta na gaskiya shi ne lodin da ya wuce kima, wanda ke tsaga ƙashin bayanta, da waldar gaggawa da aka yi ta liƙa mata. Bayan wannan sai lagireto da birki da wayoyin wuta. Fenti shi ne na ƙarshe. Kada kuma a manta da takardu: motar da lambar jikinta ba ta dace da kart-giriz ɗinta ba, ko wadda ba ta da shaidar duwan, wahala ce mai ita ya saya da kuɗinsa.

A Faransa motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takardar kayan tarihi, kuma tun 1988 kamfanin Peugeot ke da gidan ajiye tsofaffin motocinsa a Sochaux. A nan kuwa, abin da ya fi motar saurin ƙarewa shi ne masu saninta. Kanikawan da suka koyi sana'a a kan 404 tsufa ya cim musu, yaran garaji kuma hankalinsu ya koma kan babur da motocin zamani. Ran da aka rasa mai jin ciwon inji da kunne, ko an adana motar gunki ce kawai.

Saboda haka magajin da ya tarar da Fijon mahaifinsa a bayan gida ya dakata kafin ya kira mai sikeli. Kuɗin ƙarfe ba su wuce cefanen ƴan kwanaki, amma motar da guduma ta farfasa ba ta komowa. Attajiran gari da hukumar gundumar Kance ba za su gaza tada ko da 404 guda ɗaya ba, a ajiye ta inda ƴan lakwal za su gan ta, su san abin da ya ɗauki gyaɗar kakanninsu zuwa kasuwa.